Katako na Biyu

A layin kafintoci babu wanda yake kiransa da sunan yanka. Ciko ake ce masa, manya da yara, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Sunan kuwa tun asali ba na yabo ba ne. Ranar da aka kawo shi shagon yana ɗan shekara goma sha uku, siriri, duk wuya, mai shagon ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ai cikon benci aka kawo masa, a ba shi tsintsiya. Ma'aikata suka kwashe da dariya, suka yar da bencin suka bar masa cikon.

Daga baya sana'a ta zo ta tarar da sunan. A bakin kafintoci, ciko shi ne ka ƙwaƙule wurin da ya ruɓe ko ƙwaro ya ci a jikin katako, ka yanko wani guntu ka dasa a gurbin, ya zauna kamar da shi itacen ya tsiro. Kowane kafinta yana yi, amma yawancinsu faci suke yi, daga bakin ƙofa za ka hango shi. Shi kuwa Allah Ya ba shi hannu. Akwai buhun guntayen katako da yake ajiyewa a ƙarƙashin teburinsa, wanda ko ɓera bai isa ya taɓa ba. Sai ya zazzage shi ya ɓata rabin yini yana neman guntun da jijiyarsa ta dace da ta katakon da zai gyara, ya lashi babban yatsa ya shafa ya ga launin da zai ba da idan ya sha mai. Ba ya yanka gurbi murabba'i irin na malalata. Bin jijiyar itacen yake da bakin wuƙa, ya karkata gefen, ya gwada a bushe sau biyar sau shida kafin ya shafa gam, shi ma gam ɗin ɗan kaɗan. Ya ɗaure ya bar shi ya kwana, da safe ya goge. Idan ya gama sai mai kayan ya zo ya juya teburinsa ya sake juyawa yana neman wurin da ya kawo a gyara, ya rasa.

Shi ya sa yake jin haushi idan ya ji masu gyaran titi sun zuba tsakuwa a rami sun ce sun yi ciko. Likitan da ya taɓa yi masa cikon haƙori ma bai tsira ba, sai da ya faɗa masa a fuska cewa harshensa yana jin bakin abin, da yaronsa ne da ya sa ya sake. Mutum ne mara yawan magana, amma a wannan fanni yana da girman kai, kuma girman kan nan shi ya kai shi inda ya kai shi.

Shagon ba gyara kaɗai yake yi ba, har da sayar da katako ga magina, irin dogayen nan masu kauri da ake shimfiɗawa a jikin gini a taka a yi aiki a sama. Mai shagon, wanda kowa ke kira Tsoho, yana da doka guda da ba ya sassautawa. Duk katakon da aka yi wa ciko, komai kyansa, sai an gasa ƙusa a wuta an ƙona masa layi uku a goshi. Shaida ake kiranta. Katako mai shaida a yi ƙofa da shi, a yi kanta, a yi tebur, amma ba a ba magini, domin ciko kwalliya ce, ba ya ɗaukar nauyin mutum. Tsoho ya taɓa korar ɗan ƙanwarsa na cikinsa a kan mantuwar shaida. Kullum da safe shi da kansa yake bin tarin katakon magina da tafin hannu, yana shafawa yana cika baki, wai ba a haifi kafintan da zai ɓoye masa ciko ba.

Shekara ashirin da shida Ciko ya yi a ƙarƙashin mutumin nan, bai taɓa jin ya ce masa sannu da aiki ba. Idan ya kawo masa aikin da ya kashe kwana biyu a kai, sai Tsoho ya kalla ta wutsiyar ido ya ce ba laifi, amma makaho ma zai gane. Ƙarya yake yi, kowa ya san ƙarya yake yi, ai shaidar yake gani ya san inda zai duba. Abin yana cin Ciko a rai kamar gara, ga shi da furfura a gemu, da 'ya'ya huɗu, amma har yau yana jiran kalma ɗaya daga bakin tsohon.

Wanda yake rage masa zafi shi ne ƙanensa, Auta. Su biyu kaɗai uwarsu ta bari, kuma Ciko ne ya raine shi, shi ya goya shi, shi ya kai shi koyon gini, shi ya tsaya masa a aure. Auta ya fito ƙato, mai faɗin kafaɗa da ƙatuwar murya, shugaban wata ƙungiyar magina su goma sha biyu da suke haɗa kayan aiki suna ba juna aro. Da ya shigo layin kafintoci daga nesa ake jin sa. Sai ya ɗaga yayan nasa sama cak a gaban mutane ya ce yana duba ko an ƙara nauyi, Ciko yana zaginsa yana dariya. Shi kaɗai ne yake ce masa, Yaya rabu da Tsoho, hassada ce ke damunsa.

Wata Laraba a farkon rani, aka ware wasu dogayen katako biyu daga sabon kaya, kowanne da ruɓa a tsakiya mai faɗin tafin hannu, ta ci fiye da rabin kaurinsa. Ciko ya zauna ya yi musu aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Da ya goge su ya duba, shi kansa sai da ya nemi wurin. Ya ɗauko ƙusa zai sa a wuta, sai shaiɗan ya raɗa masa wata dabara. Ya mayar da ƙusar, ya ɗauki katakon nan biyu ya cusa su cikin tarin na magina, ba shaida. Niyyarsa Tsoho ya shafa su da safe ya wuce, shi kuma ya bari sai an taru cin abincin rana ya zaro su a gaban kowa ya ce, to Baba, ga makaho bai gane ba.

Da safe Tsoho ya bi tarin da hannu, ya shafa na farko ya wuce, ya shafa na biyu har ya buga shi ya ce wannan kaya ya yi kyau. Ciko yana tsaye a bayan teburinsa kamar ya yi tsalle. Ana cikin haka aka aiko daga wani gida cewa ƙofar banɗaki ta kulle da wata tsohuwa a ciki, Tsoho ya ce Ciko ya je. Aikin minti goma ya zama na awa uku. Da ya dawo, wurin da tarin yake wayam, sai sawun tayar mota. Katako arba'in, an kwashe duka. Ya tambaya da murya kamar ba tasa ba, aka ce masa wani ɗan kwangila ne ya aiko.

A nan ne fa ya kamata ya buɗe baki. Kalma biyu ce, da an bi motar an dawo da su kafin la'asar. Amma ya dubi Tsoho yana zaune yana shan shayi, ya tuna ɗan ƙanwar da aka kora, ya hango kansa yana tattara buhun guntayensa a gaban yaran da ya koya wa riƙon zarto. Sai ya ce wa ransa gobe. Gobe ta zo ya ce ai gam ɗin mai kyau ne, aikin kuma nasa ne, ba irin na kowa ba, zai riƙe. Wallahi mutum idan yana son ya yaudari kansa ba ya buƙatar taimakon kowa.

Kwana goma sha ɗaya ya riƙe. Ran na sha biyu da hantsi wani lebura ya shigo layin a guje, ba takalmi, ya ce Auta ya faɗo daga hawa na biyu. Ciko bai ma san ƙungiyar ƙanensa ce ta karɓi aikin ɗan kwangilar ba. Kafin ya je asibiti ƙafarsa ta kai shi wurin ginin, bai san dalili ba, ko kuma ya sani. Katakon yana nan a ƙasa, gida biyu. Guntun da ya dasa ya fita tsaf, yana gefe a cikin yashi, gefensa sumul yadda ya yanka shi. Ba wanda ya kula, leburori suna cewa ƙaddara ce, katako ne kawai ya gaji. Ya sa ƙafa ya tura guntun cikin tarin shara. Washegari mai gadi ya hura wuta da ragowar.

Auta bai mutu ba. Ƙashin bayansa ne ya karye, laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Bayan wata biyu aka sallamo shi zuwa ɗakinsa na haya, ciki da falo a ƙarshen wani dogon gida, aka jingine gadon a bango aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Matarsa ƙaramar mace ce, ga goyo, ko juya shi ba ta iyawa. Ciko ya ɗauki wannan aikin ba tare da an roƙe shi ba. Kullum kafin ya tafi shago sai ya biyo, ya durƙusa, ya zura hannun dama ta ƙarƙashin kafaɗa, na hagu a ƙasan ƙugu daidai inda ƙarfen da likitoci suka sa ya ƙare, ya ce Auta ya riƙe wuyansa, ya ɗaga shi zuwa kujerar roba a banɗaki. Ya wanke shi, ya shafa masa mai a baya saboda gyambon kwanciya, ya mayar da shi. Da yamma ya sake dawowa. Duk wanda ya gwada ɗaga Auta sai ya sa shi ƙara, ban da yayansa. Maƙwabta suna cewa ba su taɓa ganin ɗan'uwa irin wannan ba, shi kuwa kowane yabo kamar ana watsa masa ruwan zafi.

Auta ma bai daina tsokana ba. Yana rataye a wuyan yayansa sai ya ce, yau kai kake duba ko na ƙara nauyi. Wani lokaci kuma idan matar ta fita, sai ya riƙe hannun Ciko hawaye na bin kunnensa, ya ce da ba don kai ba, Yaya, da na roƙi Allah Ya ɗauke ni.

Amma katako biyu ya cusa a tarin nan, ɗaya ne ya karye. Na biyun yana can wani wuri, wani bawan Allah yana taka shi da bulo a kafaɗa. Wannan shi ne abin da ya hana Ciko cin abinci ya ji daɗinsa. Bayan haɗarin aikin ginin ya tsaya, ɗan kwangilar ya bar garin, ya bar wa ƙungiyar maginan katakon, su kuma suka rarraba a tsakaninsu, wannan ya ara wa wancan. Babu takarda, babu komai. Mutum ɗaya ne ya san inda kowane kaya yake, domin har yana kwance shi suke zuwa tambaya kafin su motsa ko da baro ne, kuma mutumin shi ne Auta.

Ciko ya fara gwada nema shi kaɗai. Duk inda ya ga sabon gini sai ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon katako, har masu gadi suka fara korarsa, wani ya ce ɓarawo ne yake leƙen hanya. Garin kuwa ko'ina gini ake, katakon duk sun sha siminti sun zama iri ɗaya. A shago aka fara raɗe-raɗin ciwon ƙanensa ya taɓa masa kai. Matarsa ta tsare shi ta ce ya faɗa mata abin da yake ci masa rai, ya rame kamar wanda ya yi jinya, ya ce mata gajiya ce.

Sai ya gwada ta gefe. Yana shafa wa Auta mai ya ce, wai ni katakon nan na wurin ginin, wa ya kwashe su ne? Nan take jikin Auta ya sandare a hannunsa. Ya ce Yaya don Allah a bar maganar wurin nan, ko a mafarki ba ya son ji. Bayan mako biyu ya sake gwadawa, ya ce shago ne ke son sayen tsofaffin katako. Auta ya juyar da kai ya ce idan shi ma so yake ya riƙa tuna masa, to ya faɗa masa kawai. Ciko ya je wurin biyu daga cikin maginan, suka ce su ba su riƙe ba, kaya sun cakuɗe, a tambayi shugaba. Duk hanyar da ya bi sai ta dawo da shi bakin katifar nan.

Haka aka ci wata biyar. Ran nan da rana yana shago sai iska ta juya, gari ya yi duhu, ruwan farko na shekara ya sauko. Ma'aikata suna murna suna jan kaya ciki, shi kuwa ya tsaya da zarto a hannu. Ya san gam ɗinsa fiye da yadda ya san 'ya'yansa. Yana jure zafi, yana jure nauyi daidai gwargwado, amma ba ya shiri da ruwa. Ruwa biyu ko uku ya jiƙa katakon nan, rana ta busar, cikon zai saki kamar ɓawon gyaɗa. Abin da rani ya rufa masa asiri a kai, damina ba za ta rufa ba.

Washegari ya ɗaga Auta kamar kullum, ya wanke shi, ya mayar da shi, ya gyara masa matashi. Sai ya ce wa matar ta ɗan ba su wuri. Ya zauna a ƙasa a gefen katifar, ya kafa ido a kan ledar ɗakin, ya faɗi komai. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Ya faɗi ƙusar da ya mayar, da tarin da ya cusa su, da kwana goma sha ɗaya da ya yi shiru, da guntun da ya tura da ƙafa cikin shara. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai da ya zo kan dalili, domin da ya ji shi a bakinsa sai ya ji ƙanƙantarsa.

Auta bai katse shi ba. Da ya gama, ana jin ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti.

“Don Tsoho ya ce ka iya,” in ji Auta a hankali. “Shi ke nan dalilin?”

“Shi ke nan.”

“Wata biyar kana wanke ni, ina yi maka godiya. Ina sa 'ya'yana su durƙusa su gaishe ka.”

Ciko ya ce, “Akwai na biyun. Ruwa ya sauka. Kai kaɗai ka san inda suke.”

Auta ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Ciko ya zaci ba zai amsa ba. Amma shugaban magina ne, mutanensa ne a kan katakon nan, ya san matansu, ya san 'ya'yansu. Da wata murya busasshiya, kamar yana ba lebura umarni, ya lissafo masa: goma sha biyar suna wurin magininsa Dogo a ginin bayan tashar mota, goma an yi rumfar ajiye siminti da su ba a taka su, sauran sha huɗu suna wurin mai gemu a sabuwar makarantar da ake ɗora wa bene. Ya ce ya fara da na Dogo, su ne a sama. Daga nan ya rufe ido.

Ciko bai je shago ba ran nan. Ya ɗauki guduma da wuƙar kankara da zarto ya nufi bayan tasha. Dogo ya san shi, ya tarbe shi da fara'a yana tambayar jikin shugaba, sai ya ga mutum ya wuce shi ya kama tsani. Hawa uku ne ginin. Katakon sun yi fari fat da busasshen siminti, ko jijiya ɗaya ba a gani. Ya fara da na ƙasa, ya kankare tsakiya, ya zuba ruwa, ya duba, babu. Magina suka tsaya suna kallonsa, wani ya ce kafinta ya zo yi wa katako wanka. Ya kankare shida, idonsa ya kasa gaya masa komai, domin ko da cikon yana gabansa, an yi shi ne don kada a gani. Sai ya bar ido ya koma kunne. Ya riƙa bin kowane katako da ƙotar guduma yana ƙwanƙwasawa taku-taku, kunnensa a kusa. Lafiyayyen itace yana amsawa da ƙarfi, wurin da gam ya fara saki kuwa sautinsa a mace yake.

A hawa na uku ya ji shi. Katakon yana shimfiɗe a kusurwa, ƙasa can nesa, kuma wani dattijon magini yana tsaye a kansa daidai tsakiya, da bulo huɗu a gefen ƙafarsa, yana shafe bango yana 'yar waƙarsa. Ciko bai yi ihu ba, yana tsoron mutumin ya zabura ya buga ƙafa. Ya ce masa, Malam don girman Allah taho nan a hankali, kada ka ɗauki komai. Dattijon ya harare shi ya ce shi wa ye da zai hana shi aiki, amma da ya ga fuskarsa sai ya taho. Suka janye bulon ɗaya bayan ɗaya da igiya, suka sauke katakon ƙasa.

A gaban kowa ya kankare wurin. Ruwan jiya ya riga ya shiga, wani siririn layi ya fito kamar gashi, ya zagaye cikon. Ya sa bakin wuƙa ya ɗan taɓa, guntun ya ɗago da kansa. Ƙarƙashinsa abin da ya rage na katakon bai kai kaurin yatsa biyu ba. Dattijon ya zauna a kan yashi ya riƙe kai yana salati. Ciko ya ɗauki zarto ya yanka katakon gida huɗu, yadda ko kujera ba za a yi da shi ba. Dogo ya tambaye shi yadda aka yi ya san da shi a cikin katako goma sha biyar.

“Ni na yi shi,” ya ce. “Wanda ya karye da shugabanku ma ni na yi.”

Ba wanda ya taɓa shi. Ya so a ce sun doke shi, da ya fi masa sauƙi. Suka dai matsa suka ba shi hanya, kamar yadda ake matsa wa mai ɗauke da abin ƙazanta.

Kafin ya isa layin kafintoci labari ya riga shi. Tsoho yana zaune a bakin shago, ya tsufa a yini ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce masa ya tattara kayansa, dokar shago ba ta san furfura ba. Ciko ya jawo buhunsa ya saɓa. Har ya kai bakin ƙofa sai ya ji tsohon yana magana, kamar da kansa yake yi, wai katakon nan duka biyu ya shafa su da hannunsa bai ji komai ba, bai taɓa ganin aiki irin wannan ba tun da yake. Shekara ashirin da shida yana jiran wannan maganar. Ya tsaya ya saurare ta har ƙarshe, bai ji komai a ransa ba, ya fita.

Ya rayu bayan haka, mutum ai ba ya mutuwa don kunya. Ya kafa ɗan teburinsa a gindin wata katanga yana gyaran kujeru da ƙafar gado, masu kawo aiki suna kawowa, don hannun yana nan. Matarsa ta yi kuka ta gaji, ta zauna. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar dai, da la'asar ta yi sanyi, ƙafarsa ta ɗauke shi zuwa dogon gidan nan, domin lokacin ɗaga Auta ya yi, kuma wata biyar bai taɓa makara ba.

Ya tarar da labule a sake. Ya yi sallama, matar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da goyonta, idonta ya kumbura. Ba ta durƙusa ba, ba ta kuma kauce ba.

“Ya ce a tambaye ka ko ka same shi.”

“Na same shi. Na yanka shi. Ba wanda ya ji ciwo.”

Ta shiga ta faɗa, ta dawo.

“Ya ce alhamdu lillahi. Ya ce kuma ka tafi, Yaya. Kada ka ƙara zuwa.”

Ya ce to. Amma bai iya motsawa ba, domin ta bayan labulen yana jin muryar maƙwabcinsu mai facin taya, wanda aka roƙa ya zo ya taimaka, yana cewa bismillah, riƙe ni da kyau. Ya ji katifar ta motsa. Daga yadda mutumin yake nishi ya san ya sa hannun a sama da inda ya kamata, daidai kan ƙarfen. Sai ya ji ƙarar Auta, gajeriya, irin ta wanda ya cije leɓe don kada a ji a waje.

“Ki ce masa ya sauke hannun hagun ƙasa kaɗan,” in ji Ciko. “Kamar faɗin tafi ɗaya.”

Ta dube shi, ta saki labulen ta shiga. Ya tsaya yana jira ya ji ko za ta faɗa. Bai ji ta ce komai ba, sai ƙarar ta sake fitowa.